Mai Bincike Ba Shi da Hannu

Ranar da Auta ya shigo ɗakin Baba da farar kujerar roba, Yaya ta ɗauka addu'arta ce aka amsa. Tana durƙushe a gefen gado, hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan Baba, ɗayan ƙarƙashin cinyoyinsa, tana tattara ƙarfin da za ta juya shi, sai ga ƙanen nata ya turo ƙofa. Har ta matsa don ta ba shi wurin kamawa. Shi kuwa ya raɓa ta ya wuce, ya kai kujerar lungun da ke tsakanin durowa da taga, ya kaɗe ta da hankici, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fito da waya.

"Ci gaba, Yaya," ya ce. "Ki yi kamar ba na nan."

"Ga ka a zaune kuma in yi kamar ba ka nan? Taso ka kama mini ƙafafunsa."

"Ai shi ne ba zai yiwu ba."

Sai ya gyara murya ya yi mata bayani, irin bayanin da ake yi wa wanda ake tausayin ƙarancin iliminsa. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, sashen ilimin zamantakewa, kuma an amince da abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai: nauyin jinya a kan mata a cikin iyali. Hanyar binciken da ya zaɓa ita ce kallo. Mutum ya zauna a gefe ya ga yadda rayuwa take gudana da kanta, ya naɗa, ya auna, ya fassara. Da zarar ya taɓa wani abu, to ya sauya abin da yake nazari, bayanai sun gurɓata, aikin shekara huɗu ya bi ruwa.

"Mai bincike ido ne da kunne, Yaya. Ba shi da hannu."

Yaya ta dubi hannuwan nasa. Ga su nan lafiyayyu, dogaye kamar na Baba, har da agogo. Ta ja numfashi, ta turo Baba ya juyo kan ɓarinsa mai lafiya, wani abu ya soke ta a ƙasan baya ya gangara har cinya. Ta cije leɓe. Daga lungu ta ji Auta yana raɗa wa wayarsa: "Mai Amsa ta Ɗaya ta nuna alamar gajiya."

Sunan da ya raɗa mata ke nan. Ƙa'idar bincike ce, in ji shi, a sakaya sunan mutum don kare mutuncinsa.

Baba tsohon direban babbar mota ne, ƙaton mutum mai faɗin kafaɗa, kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki bai rage masa nauyi ba. Ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama da magana, ya bar masa hannun hagu da idanu biyu masu ganin komai. Tun da aka sallamo shi daga asibiti Yaya ta ajiye aikinta na koyarwa a makarantar ƙananan yara, wai na ɗan lokaci. Ita ke juya shi don kada kwanciya ta ci masa fata. Ita ke cire famfas, ta goge, ta shafa mai, ta barbaɗa hoda, ta sauya ledar katifa. Aiki mafi tsanani shi ne na safe, a ɗago shi daga gado zuwa keken marasa lafiya, a tura shi banɗaki, a yi masa wanka, a sake ɗago shi a mayar. A farkon jinyar, duk lokacin da za ta kwance masa zani sai Baba ya runtse ido hawaye na zubo masa, ita ma ta kawar da kai. Mutum mai 'ya'ya maza biyu, amma 'yarsa mace ce ke ganin tsiraicinsa. Daga baya kunyar ta gaji ta bar su.

Auta ba ya fashi. Wannan kam a ba shi. Kafin Yaya ta gama dafa ruwan wanka ya yi nasa wankan, ya fesa turare, ya zauna a kujerarsa. Idan wari ya tashi sai ya ɗan tura taga da yatsa, sannan ya tuna cewa buɗe taga ma sauya yanayi ne, ya mayar da ita ya toshe hanci. Wata safiya soso ya faɗi daidai ƙafarsa, Yaya tana riƙe da Baba da hannu biyu. Ta dube shi, ya dubi soson. Ya janye ƙafarsa don ta samu hanyar ɗauka.

Da rana, in ya dawo daga makaranta, sai ya baje a falo ya yi wa Umma lacca. Ya gaya mata cewa al'umma ta ɗora wa mace aikin da ba a gani, ba a biya, ba a godewa. Ya ce rabon aiki a cikin gida zalunci ne da aka yi wa ado da sunan tarbiyya. Yana faɗa yana buga hannun kujera, jijiyar wuyansa a tashe, sai ka rantse gobe zai fita zanga-zanga. Umma ta saki baki tana kallonsa, ba ta fahimci rabi ba, amma daɗi ya cika ta.

"Kai, Farfesana! Wannan baki naka, Allah ya tsare mini shi."

Daga nan sai ya tura farantin da ya cinye gefe da ƙafa, ya ɗaga murya: "Yaya, in kin fito ki haɗa da wannan."

Ciwon bayan ya fara da safiya kawai, daga baya ya zauna wuni. Sai ƙafar hagu ta soma yi mata wani iri, kamar tururuwa na tafiya a ciki, wani lokaci ta taka ƙasa ba ta ji ta taka ba. Ranar da takalmi ya zame daga ƙafarta a tsakar gida ta yi taku da yawa ba ta sani ba, ta tsorata. Ta roƙi maƙwabciya ta zauna da Baba, ta tafi asibiti.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton bayanta a jikin fitila, ya nuna mata wani wuri da bakin biro. Ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani abu mai laushi kamar matashi, nata ya zame yana danne jijiyar da ke zuwa ƙafa.

"Me kike ɗauka mai nauyi?"

"Mahaifina."

Ya sauke tabarau ya dube ta. "To daga yau kin daina. Ba shawara nake ba ki ba. In kika huta 'yan makonni, kika sha magani, akwai kyakkyawan zato zai koma. In kika ci gaba, wata rana za ki ɗaga shi jijiyar ta tafi, kuma in ta tafi ba ni da abin da zan dawo da ita da shi. Ba ki da 'yan'uwa maza ne?"

"Ina da su."

"To, ai shi ke nan."

Haka ya ce, ai shi ke nan. Yaya ta fito tana jin sauƙi a ranta, don ita ma ta ɗauka shi ke nan ɗin ne. Ba jinyar take so a karɓa ba. Za ta ci gaba da gogewa da wankewa da ciyarwa. Ɗagawar kawai take so wani ya yi, safe da yamma, aikin da bai fi a sha shayi kofi ɗaya ba.

Ta jira ƙarshen mako, ranar da babban wansu yake zuwa. Manaja ne a wani kamfanin sayar da kayan gini, kowa ma Manaja yake ce masa. Yakan zo da jakar ayaba da lemo, ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin Baba ya ce, "Baba, jiki ya yi kyau, wallahi ya yi kyau," sannan ya koma falo inda fanka take. A nan Yaya ta same su su uku, ta zauna a bakin kujera a karkace, ta faɗi abin da likita ya ce, ba ƙari ba ragi.

Manaja ya girgiza kai. "Likitocin nan da tsoratarwa. Ni ma nan da kike gani bayana ciwo yake, zaman ofis ba wasa ba ne. Ki samu man zafi ki riƙa shafawa, Malama."

"Babban Yaya, ƙafata ba ta jin ƙasa."

"To ni yanzu me kike so in yi? In bar aiki in tare a nan? Kin san nisan gidana."

"Ko a samo wani ma'aikacin jinya, namiji, ya riƙa zuwa safe da yamma."

Nan fa Manaja ya miƙe zaune, ya ajiye lemon da yake ɓarewa. "Bare? Bare ya zo ya buɗe tsiraicin Baba muna raye? Me mutane za su ce? A ce 'ya'yansa sun gaji da shi sun ɗauko ɗan haya? Haba Malama. Ban zaci haka daga gare ki ba. Ladan da kike samu fa, mu nan duk sha'awarki muke yi."

Sha'awar tata bai taɓa kai shi ga naɗe hannun riga ba. Yaya ta juya wajen Auta.

"To kai da kake gida. Ɗagawar kawai."

Auta ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sa a tsaka mai wuya. "Yaya, kin fi kowa sanin ina tausayinki. Kundin nan gaba ɗaya don ke nake yin sa, don irinku. Amma na yi nisa. In na sa hannu yanzu, duk abin da na tara ya lalace, sai na sake daga farko, a bar ni a baya shekara guda. Ki daure zuwa ƙarshen zango. Ranar da na rufe bincike, wallahi ko cokali ba za ki ƙara ɗagawa ba."

"Ka rubuta cewa ƙanenta ya taimaka mata mana. Shi ma ai abin da ya faru ne."

Ya yi murmushi. "Ba haka ake yi ba. Ba za ki gane ba."

Umma ce ta rufe zancen. Ta ce da gwiwoyinta na da ne da ba ta bar wa kowa mijinta ba, kowa ya sani. Ta ce yaron nan shi ne fatan gidan, ba za a tsaya masa a hanya saboda ciwon baya ba. Wace mace ce ba ta ciwon baya? Ita da ta haife su duka, wa ta kai wa ƙara?

"Yayarsu, ki yi haƙuri. Ke ce babba a mata, haƙuri naki ne."

Ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan, amma ba wanda ya ga abin dariya a maganar. Manaja ya ƙarasa ɓare lemonsa. Kafin ya tafi ya leƙa ɗakin Baba ya ce jiki ya yi kyau.

Ƙofar falo a buɗe take duk lokacin da ake wannan magana, kuma kunnen Baba lafiyarsa lau.

Washegari ya ƙi cin abinci. Yaya ta kai cokali bakinsa, ya datse haƙora ya juya kai bango. Ta sauya abincin, ta yi masa mai ruwa-ruwa, ta lallashe shi kamar yaran ajinta na da, ya karɓi cokali biyu ya sake rufe baki. Haka jibi, haka gata. Auta ya ji daɗin wannan sabon abu ƙwarai. Ya matso da kujerarsa kaɗan, ya raɗa wa waya cewa majinyaci ya shiga matakin yanke ƙauna, kamar yadda masana suka yi hasashe.

Yaya ma da farko ta ɗauka ciwon ne. Sai wata safiya, da ta zura hannu za ta ɗago shi, ta ga ya kafe ta da ido. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya shafa cikinsa da ya faɗa, ya nuna bayanta, ya sake shafa cikin. Ya yi wani sauti a maƙogwaro, yana ɗaga gira kamar mai tambaya: ya ragu?

Ta zauna a bakin gadon. Wato yunwa yake yi wa kansa don ya yi mata sauƙin ɗauka. Tsoho mai rabin jiki ya duba gidan nan kaf, ya ga ba wanda zai rage mata nauyi, ya ce bari shi ya rage da abin da ya mallaka. Kuka ya zo mata irin wanda ba ya fita da sauti. Ta kama hannun nasa ta riƙe.

"Baba, don Allah kada ka yi mini haka. Ka ci. Wallahi ba ka da nauyi. In ba ka ci ba ni ma na daina ci."

Da ƙyar ya karɓi rabin kofi. Daga lungu Auta ya ce, a hankali don kada ya gurɓata yanayi, "Yaya, me ya nuna miki da hannu? Ban samu ganin wannan ɓangaren da kyau ba."

"Cewa ya yi ka tashi ka fita."

"A'a, ba na jin haka yake nufi," in ji Auta, ya ci gaba da zama.

Ana cikin haka wata rana da hantsi malaminsa ya kira shi, wanda yake duba masa kundin, Dakta. Auta yana tsakar gida, ya saki muryar wayar a fili saboda hannunsa na riƙe da kofin shayi. Yaya tana bakin famfo tana wanke zanin gado, a tsaye, don durƙuso ya gagare ta. Tana jin komai.

Dakta ya yaba babin da aka kai masa. Ya ce ya daɗe bai ga ɗalibin da ya shiga cikin gida ya fito da gaskiya tsirara haka ba. Sai ya ce, "Amma wani abu ya dame ni. Matar nan tana cikin haɗari. In likita ya hana ta ɗagawa, bincike ba ya hana ka yi wa mutanen gidan magana. Wai gidan babu maza ne?"

"Akwai, Yallaɓai."

"Suna me?"

Auta ya yi 'yar dariyar takaici. "Yallaɓai, ka san halin mutanenmu. Ƙarti biyu, lafiyayyu. Ɗaya sai ya kawo 'ya'yan itace ya tafi. Ɗayan yana gidan, amma ko a jikinsa. Na yi musu magana har na gaji."

"Abin kunya," in ji Dakta. "Ka fito da wannan sosai a babi na huɗu."

"In sha Allahu, Yallaɓai."

Ya kashe waya, ya juyo, suka haɗa ido da Yaya. Ruwa na zuba a bokiti har ya cika yana malala. Ta zaci zai sunkuyar da kai. Sai ya kurɓi shayinsa ya ce, "Dole a sakaya gidan, Yaya. Ƙa'ida ce."

Ashe ba ilimin ne ya ɗaure masa hannu ba. Shi ya je ya zaɓo igiyar da ta yi masa daidai, ya ɗaure kansa, ya zauna. Yaya ta rufe famfo. Tun daga ranar ba ta ƙara roƙonsa ba, sai sau ɗaya.

Wannan sau ɗayan ya zo ne a wata safiya da ta tashi ta ji ƙafar hagu kamar ba tata ba. Ta ja ta zuwa ɗakin Baba tana dafa bango. Auta ya riga ta, yana kan kujerarsa, yau har da sabuwar riga. Ta kawo keken kusa da gado, ta taka birki, ta tsaya tana duban Baba, Baba yana dubanta yana girgiza kai. Ya ɓata jikinsa tun asuba, ba yadda za a bar shi haka.

"Auta," ta ce, ba ta juya ba. "Yau kam ba zan iya ba. Don girman Allah, yau kaɗai."

"Kash, Yaya. Yau ce fa ranar ƙarshe. Yau nake rufewa. Ki yi wannan ɗaya, gobe ni da kaina zan karɓa. Kin yi mai yawa, wannan ne zai gagare ki?"

Ta sunkuya. Ta zura hannuwanta ƙarƙashin hammatar Baba, ta haɗe su a bayansa, ta ce bismillah, ta ɗaga. Ya taso daga katifa, ya rage ta juya da shi zuwa keken. A nan ta ji wani abu ya ba da ƙara a bayanta, ƙaramar ƙara, kamar an karya tsinken tsintsiya. Zafi bai zo nan take ba. Ƙafafun ne kawai suka tafi, kamar an zare su daga ƙarƙashinta. Abin da ta iya yi shi ne ta juya don ita ta fara isa ƙasa, Baba ya faɗo a kanta.

Tana kwance, nauyinsa a ƙirjinta, tana jin kukansa a kunnenta, ta hango Auta ya miƙe tsaye. Waya na hannunsa. Ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya waiga ƙofa.

"Umma! Umma! Ki kira mutane!"

Maƙwabta ne suka ɗaga Baba. Mai shagon bakin layi da wani mai gyaran babur, da baƙin mai a hannunsu, su ne baren da suka ga tsiraicin da ake ta karewa.

An yi mata aiki a asibiti. Likitan ƙashi bai yi mata faɗa ba, ya dai dubi Manaja da Auta da ke tsaye a bakin gado, ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce ƙafar dama za ta iya dawowa, ta hagu kuwa kada a sa rai. Manaja ya ce Allah ya riga ya rubuta. Auta ya tambayi sunan ciwon a likitance, da yadda ake rubuta shi.

Kafin a sallamo ta har an samo ma'aikacin jinya. Wuni ɗaya Manaja ya yi yana nema. Wani ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a, yana zuwa safe da yamma, ya ɗaga Baba kamar jariri. Da aka tuna wa Manaja zancen bare, sai ya ce ai lalura ce, kuma addini ma ya yi sauƙi a wajen lalura. Goben da Auta ya yi alkawari kuwa ba ta zo ba, tunda ga ƙwararre an samu, shiga aikinsa rashin tsari ne.

Aka sa wa Yaya gado a ɗakin Baba, saboda shi ne mai banɗaki a ciki, aka rataya labule a tsakani wanda ba a cika ja ba. Tsakanin gadajen biyu bai fi a miƙa hannu ba. Umma ce ke kula da ita, tana yi tana lissafa gwiwoyinta, tana cewa da an bi a hankali da duk haka ba ta faru ba, amma wasu ba sa jin magana, sai sun nuna su masu ƙarfi ne.

Wata rana da yamma Auta ya shigo da kundinsa, an ɗaure shi da baƙin bango, an rubuta sunansa da ruwan zinare. Bakinsa har kunne. Ya fi kowa maki a sashensu. Umma ta biyo shi tana rangaɗa guɗa, ta shafa bangon littafin ta shafa a fuska, sannan ta fita kai wa maƙwabta labari.

Ya buɗe shafin farko ya karanta wa Yaya sadaukarwa: ga dukkan matan da suke ɗauke da gidaje a bayansu ba tare da an gani ba. Ya ɗago ya ga ko za ta yi kuka. Ya wuce can ƙarshe, wajen shawarwari, ya karanta ta farko da murya mai nauyi: wajibi ne mazan gida su karɓi ayyukan jinya masu buƙatar ƙarfi, musamman ɗaga majinyaci, domin sakaci a wannan fanni yana iya jawo wa mai jinya naƙasa ta dindindin.

"Wajen nan har tafi aka yi mini," ya ce.

Tun ɗazu Yaya ta zame daga kan matashi, wuyanta a lanƙwashe, kanta ya kusa bugun ƙarfen gado, kuma ba ta da ƙafar da za ta tokara ta gyara. Ma'aikacin jinya ya riga ya tafi.

"Kuma akwai albishir. Dakta ya ce in wuce digiri na biyu kai tsaye. Har mun fitar da take: idan mai jinya ta zama majinyaciya. Ya ce ba a taɓa bin gida ɗaya tun daga farko har wannan matakin ba."

Ya je lungu ya ɗauko farar kujerar. Wannan karon bai bar ta a jikin taga ba, ya kawo ta ƙafar gadon Yaya ya ajiye, ya kaɗe ta, ya zauna, ya fito da waya.

"Tambayoyi kaɗan ne na share fage. Za ki iya gaya mini, a cikin kalmominki, wane irin tallafi kike samu daga iyali?"

Sai gadon Baba ya yi ƙara. Tsohon ya ja jikinsa zuwa baki da ƙyar, yana nishi, ya miƙo hannun hagu ta tsakanin gadajen. Hannun ya rame. Ya lalubi gefen matashin Yaya ya kama, ya ja, ya kuɓuce masa. Ya sake kamawa, ya tura shi ƙarƙashin kanta kaɗan kaɗan, gumi na tsattsafo masa a goshi, har wuyanta ya miƙe. Sannan ya bar hannun a kan gashinta.

Yaya ta dubi ƙanenta, ta dubi agogon da ke hannunsa.

"Rubuta," ta ce. "A gidan nan mutum ɗaya ne ya taɓa miƙo mini hannu. Shi ma guda ɗaya gare shi."

Auta ya dubi Baba, ya dube ta, idanunsa suka yi haske. Ya gyaɗa kai a hankali, ya matso da kujerar.

"Kai, wannan magana ta yi, Yaya. Da ita zan buɗe babi na ɗaya." Ya danna waya ya miƙo ta saitin bakinta. "Maimaita. Ban kunna ba."